Shin sai mutum ya fahimta da ƙwaƙwalwa kafin zuciyarsa ta kusanci Allah?

Mai Neman Haske ya rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, na rasa wanda zan faɗa wa ido da ido, shi ya sa na kawo shi nan.

Shekarata 33. Tun ina ɗan 19 nake zama gaban malamai. Na yi fiƙihu, na yi nahawu har ina iya yi wa aya li'irabi, na leƙa tauhidi da ɗan abin da ya sawwaƙa na mandiƙi, wato ilimin tsara hujja. Na faɗi wannan ne don ku gane inda matsalar take. Wata 8 da suka wuce kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, ta dawo gidana da zama saboda ciwon ƙafa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata. Ta haura shekara 80, ba ta taɓa buɗe littafi ba. Abin da ta haddace Fatiha ne da gajerun surori, na ƙirga su, guda 9. Su ɗin ma ba duka harufan ke fita daidai ba, sin da sad duk ɗaya ne a bakinta.

Amma wajen ƙarfe 3 na dare ina jin motsin butarta. A zaune take salla. In ta sallame sai ta daɗe tana magana da Allah da Hausa, a hankali, kamar tana magana da wanda ke zaune gabanta. Tana kuka. Tana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya tana nema musu gafara, har da wata mata da duk danginmu suka san ta cuce ta shekaru da yawa baya. Ranar da aka kawo mata labarin rasuwar ɗanta, kawuna, ina wurin. Ta yi shiru, hawaye ya zubo, ta ce mai abu ya karɓi abinsa, ta ce a miƙo mata ruwan alwala.

Ni kuwa in liman na karatu hankalina na kan maddi da gunna, wato jan harafi da fitar da sauti ta hanci, ya ja ya wuce ƙima ko bai kai ba. Na manta rabon da idona ya jiƙe a salla. Na san sharuɗɗan tuba, na ma karantar da su, har da na mayar da haƙƙin mutane. Duk da haka shekara 2 ke nan ba ma magana da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, kan wata magana da in na faɗa muku ita za ku ji kunya a madadina.

To ga tambayata. Shin tsarkin zuciya da kusanci ga Allah sai da fahimta ta ilimi? In sai da ita, ta ina Inna ta sami abin da ta samu? In kuma ba sai da ita ba, me na yi shekara 14 ina yi? Wallahi har na fara tunanin in rufe littattafan nan in kama carbi kawai.

Abu Mus'ab ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka rufe littafi ko ɗaya. Wannan tunanin shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk maganarka.

Imamul Buhari ya ƙulla babi guda ya ce ilimi yana gaban magana da aiki, hujjarsa aya ta 19 a Suratu Muhammad, inda aka fara da "ka sani" kafin a ce "ka nemi gafara". Kai da ka yi fiƙihu ka san farkon Ahalari, ba ya halatta ga baligi ya aikata wani aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa.

Ka tuna mutumin da ya kashe rai 99. Wanda ya fara tambaya mai ibada ne, ya keɓe kansa yana bauta. Ya ce masa ba ka da tuba, ya yanke masa ƙauna daga rahamar Allah, shi ma ya rasa ransa, aka cika 100 da shi. Malami ne ya ce wa zai shiga tsakaninka da tuba, sannan ya ce masa ya bar garin da yake ya koma cikin mutanen kirki. Ka tuna kuma sahabin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga sauƙin da zai yi taimama ba, ya yi wanka ya mutu. Annabi (SAW) ya yi fushi, ya ce me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. Waɗannan mutanen ba mugunta suka nufa ba, tsoron Allah ne ya sa su, amma tsoron da ba ilimi a tare da shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kuma hawaye ba ma'auni ba ne. Ana kuka a gaban gunki ma. Ban ce haka Inna take ba, Allah ya ƙara mata lafiya, amma in ka mai da taushin zuciya shi ne alƙali, duk wanda ya iya sa ka kuka zai ja ka inda ya so. Shawarata, ka zauna ka gyara mata Fatiha, haƙƙinta ne a kanka.

Gwaggon Yara ta amsa:

Ɗana Mai Neman Haske, na karanta maganarka sau biyu. Shekara 26 na yi ina karantar da matan aure da tsofaffi, irin Innarka sun wuce ta hannuna da yawa, don haka bari in ce wani abu.

Kuskurenka na farko shi ne ɗaukar da ka yi cewa ba ta da ilimi. Wa ya gaya maka? Matar da aka ce mata ɗanta ya rasu ta ce mai abu ya karɓi abinsa, ta san Allah ne mai mulki, ta san rai aro ne, ta san akwai komawa. Matar da ke tashi cikin dare tana magana da Shi a hankali ta san yana ji, yana gani, yana kusa. Je ka buɗe littafin tauhidinka ka duba, ba waɗannan ne siffofin da ka haddace da hujjojinsu ba? Abin da ba ta da shi sunayen da malamai suka sa wa abubuwan ne, da iya jera hujja. Alƙur'ani ma in ya zo maganar fahimta zuciya yake ambata. A Suratul A'araf aya ta 179 ya zargi masu zukatan da ba sa fahimta da su, a Suratul Hajji aya ta 46 ya ce zukatan da ke cikin ƙiraza ne ke makancewa.

Wannan gardamar tsohuwa ce. Malaman tauhidi sun daɗe suna saɓani kan imanin wanda ya gaskata ba tare da ya iya kawo hujja ba. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an sami wasu ɗalibai da suka riƙa kafirta talakawa don sun kasa kawo hujjojin tauhidi irin na littafi, Shehu ya yi musu raddi a rubuce, ya tsaya kan cewa imanin talaka ingantacce ne. Imamul Haramaini Juwaini, wanda ya rasu a 1085, yana cikin manyan masana wannan fanni a zamaninsa, amma an ruwaito cewa a ƙarshen rayuwarsa fatansa shi ne ya mutu kan imani irin na tsofaffin mata. Ga kuma balaraben ƙauyen nan da ya zo da birkitaccen gashi ya tambayi Annabi (SAW) abin da ke kansa, aka ce salloli 5, azumin Ramalana, zakka, ya rantse ba zai ƙara ba ba zai rage ba, aka ce ya rabauta in ya yi gaskiya. Da wani da ya ce shi bai iya irin dogayen addu'o'in Annabi da na sahabinsa Mu'azu ba, aljanna kawai yake roƙo yana neman tsari daga wuta, Annabi ya ce mu ma a nan muke kewayawa.

Amma kada ka ɗauki maganata ka ce na ce a bar mutane haka. Shehun da ya kare imanin talakawa shi ne kuma ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta zuba ilimin cikin waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, ta tura mata su kai wa mata. Wata 8 Inna na bayan bangonka, ɗana. Me ka ba ta daga abin da ka tara?

Abu Mus'ab, batun gyaran harufa, a bi a hankali. Harshen da ya yi shekara 70 a kan abu ba ya juyuwa da sauƙi, kuma hadisi ya ce mai karatu yana in-ina, yana shan wuya, lada biyu gare shi. Na taɓa ganin tsohuwar da jikanta ya matsa wa da gyara har ta fara tsoron ta da kabbara, tana cewa sallolinta na baya duk sun tashi a banza. Sai da muka yi makonni muna lallashinta.

Abu Mus'ab ya amsa:

Gwaggo, na karɓi gyara kan tausasawa, Allah ya saka. Amma ina nan kan bakana cewa abin da za ta iya gyarawa a gyara mata. Wanda ya kasa daban, wanda ba a taɓa gwada koya masa ba daban.

Ɗan Ayuba ya amsa:

Ni Kirista ne, ina fata ba laifi in sa baki, don mu ma tambayar nan tana damunmu. Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa sani yakan kumbura mutum, ƙauna ce ke ginawa. Kuma muna da labarin Toma Akwinas, babban masanin tauhidin Kirista. A ƙarshen 1273 ya daina rubutu, ya bar babban littafinsa bai kammala ba, ya ce duk abin da ya rubuta kamar tattaka yake ganinsa. Ya rasu a 1274. Na daɗe ina tunanin wannan. Mahaifina bai yi makaranta ba, shi ya koya mini yafiya da halinsa. Amma lokacin da 'yata ta rasu na shiga shakka, halin mahaifina bai amsa tambayoyin da ke hana ni barci ba, sai da na zauna na yi karatu tare da wanda ya fi ni sani. Ina ganin akwai mutumin da Allah bai jarrabe shi da tambayoyi ba, akwai wanda ya jarraba da su. Na biyun ba zai iya yin kamar shi na farkon ne ba.

Baƙon Asuba ya amsa:

Malam Mai Neman Haske, abin da Ɗan Ayuba ya rufe da shi nake so in ɗora a kai, don na taɓa tsayawa inda kake tsaye.

Ba za ka iya zama Inna ba. Ko ka ƙone littattafan, abin da ka sani ka riga ka sani. Kunnen da ya san maddi zai ci gaba da jin maddi. Ni na gwada, na bar karatu kusan shekara guda na ce zikiri kawai zan yi. Watanni biyun farko na ji daɗi. Daga nan sai wani abu ya shigo wanda ban yi tsammani ba, na fara ganin masu karatu a matsayin masu busasshiyar zuciya, ni ne mai rai. Girman kan da nake yi da ilimi ya tashi ya koma cikin carbi, ko kaya bai sauya ba. Abin da ya fargar da ni wani babi ne kan jiji da kai da na taɓa karantawa tun da daɗewa. Ilimin da na guje wa shi ya kama ni.

Ba wanda ya kai Imamu Gazali bayanin wannan ciwon, don shi ma ya same shi. A 1091 aka naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 ke zama gabansa. Bayan shekara 4 ya duba niyyarsa ya ga neman suna da matsayi ne ke tura shi. Ya yi wata 6 yana kai-kawo, yau ya ƙudura zai tafi gobe ya fasa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, likitoci suka ce abin daga zuciya yake. A 1095 ya bar Bagadaza, ya zauna Dimashƙa, yana hawa hasumiyar masallaci ya kulle kansa, ya je Ƙudus, ya yi Hajji. Shi da kansa ya ba da wannan labarin. Misalin da ya kawo shi ne ya tsaya mini a rai, cewa akwai nisa tsakanin sanin ma'anar lafiya da sharuɗɗanta da kuma zama mai lafiya. Likita na iya kwanciya ciwo alhali ya san duk magungunan.

To amma dubi abin da ya yi bayan nan. Littafin da ya rubuta a waɗannan shekarun, Ihya'u, kashi 40 ne, kuma na farkonsu kan ilimi yake. A 1106 ya koma karantarwa a Naisabur, ya rasu a 1111. Mutumin da ya gudu daga kujerar ilimi da ilimi ya buɗe littafinsa na gyaran zuciya. Karatun bai bari ba, dalilin yin karatun ya sauya.

Don haka ni a ganina tambayarka ta haɗa abu uku wuri ɗaya. Akwai sanin da ba wanda aka ɗauke wa, wa nake bauta wa, yaya zan bauta masa, me ya hana ni. Wannan Inna na da rabonta a ciki, kuma shi Abu Mus'ab ke karewa, da gaskiyarsa. Akwai zurfafawa irin taka, wadda ba a ɗora wa kowa ba, amma dole a sami masu yin ta, in ba haka ba wa zai amsa wa mai kisan 99? Sai kuma na ukun, wanda ba a samunsa sai da aikatawa. Haƙuri ba ya shiga mutum ta hanyar karanta babin haƙuri, sai an ɓata masa rai ya haɗiye. Inna ta yi shekaru tana wannan karatun, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofarsa. Ana cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami. Kai ka san damin, ka ƙirga zangarniyarsa, ci ne ba ka yi ba.

Ka lura Annabi (SAW) ya haɗa abu biyu a addu'a ɗaya, neman tsari daga ilimin da ba ya amfani da zuciyar da ba ta ƙanƙan da kai. Kuma ayar Suratu Faɗir da ta ce masana ne ke tsoron Allah cikin bayinsa, ana iya karanta ta a matsayin awo, in tsoron bai ƙaru ba a sake duba abin da ake kira sanin.

Ka yafe mini, amma a duk abin da ka rubuta layin ƙanenka ne ya fi muhimmanci, kuma shi ka wuce da sauri. Kana neman dalilin bushewar idonka a cikin littattafai alhali ka san hadisin da ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3. Ina jin tsoron rufe littattafan ya fi maka sauƙi ne a kan ɗaga waya.

Mai Neman Haske ya dawo:

Na yi kwana 5 ban ce kome ba, ku yi haƙuri. Maganar Baƙon Asuba ta yi mini zafi, ranar farko har na rubuta amsa na goge. Gaskiya ya faɗa.

Gwaggo, tambayarki ce ta sa na shiga ɗakin Inna shekaranjiya bayan la'asar. Ban fara da gyaran harufa ba. Na tambaye ta ko ta san abin da Fatiha ke cewa. Ta ce ta san yabon Allah ne da roƙo, amma ba wanda ya taɓa warware mata ita ɗaya bayan ɗaya. Sai na fara. Da na zo "Kai kaɗai muke bauta wa, kuma Kai kaɗai muke neman taimakonka", ta ce in maimaita. Na maimaita. Sannan na gaya mata hadisin da ke cikin Muslim, cewa Allah ya raba Fatiha biyu tsakaninsa da bawansa, in bawa ya ce alhamdu lillahi rabbil alamina sai Allah ya ce bawana ya gode mini, haka aya bayan aya, har ƙarshe ya ce wannan na bawana ne, kuma bawana yana da abin da ya roƙa.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe duk shekarun nan amsa mini ake yi?" Ta yi kuka sosai. Da ta natsu sai ta ce, "Kai ka san wannan tun yaushe?" Na ce ya fi shekara 10. Ta ce, "Shi ne ba ka taɓa gaya mini ba?" Ban sami abin cewa ba.

Daren nan na ji ta ta bango. Fatiharta ta ƙara tsawo, tana tsayawa bayan kowace aya. Ban taɓa tunanin akwai abin da zai ƙaru a sallar matar nan ba, sai ga shi ya ƙaru, kuma da abin da ke cikin kaina tun tuni. Da asuba ni ma na gwada tsayawar. Ban yi kuka ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ban ƙirga maddin kowa ba.

Abu Mus'ab, mun taɓa sad ɗin kaɗan jiya. Ta gwada sau 4, ta yi dariya, ta ce gobe ma a sake. Ita da kanta ta nema.

Da zan fita ta kira ni ta ce sunana da na ƙanena a jere take faɗinsu kowane dare, kuma ta gaji da raba su da numfashi. Ban san ta san abin da ke tsakaninmu ba. Lambarsa na cikin wayata, na buɗe ta sau biyu yau, ban kira ba tukuna. Ni ne babba, kuma ni na fara faɗar maganar da ta ɓata. Wanda ya taɓa yin irin wannan kiran bayan shekaru, don Allah ya gaya mini da me ya fara bayan sallama.